Mai Sunan Malam

Shekarar da iskar farkon damina ta tuge tsohuwar maɗaciyar da ke ƙofar gidan Alhaji, a shekarar na shiga makarantar manya, kuma a cikinta ne na kusa ɓata da surukina a kan sunana. Duk wanda ya zauna a layinmu na Nassarawa GRA ya san bishiyar nan. Mutum uku ba sa zagaye ta da hannu. Ranar da ta faɗi ta tare titi tun daga katangarmu har zuwa ta maƙwabta, sai da masu injin yanka suka kwana biyu suna aiki kafin mota ta wuce.

Ni mai lambu ne. Shekara goma sha tara ke nan a lokacin ina kula da furanni da itatuwan gidan Alhaji, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki, da matarsa Hajiya, wadda ta daɗe tana shugabantar makarantar 'yan mata. Gidana a Gawuna yake. Kullum da sassafe nake hawa kekena in zo, in koma bayan la'asar.

Da maɗaciya ta tafi, inuwarta ta tafi da ita, rana ta shigo gaban gida a karon farko. Hajiya ba ta zauna jimami ba. Ta sayo irin furanni a ƙananan takardu, ta rubuta mini wanda zan shuka a gaba da wanda zan shuka a baya. Na karɓa na ce to. Da can direban gidan nake kai wa irin wannan takarda ya karanta mini a ɓoye, amma a watan nan ya bar aiki. Sai na shuka yadda zuciyata ta ba ni. Da suka fito, dogayen suka tsaya a gaba kamar masu gadi, gajerun suka ɓuya a bayansu.

Hajiya ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta juyo.

"Malam Gambo, shekara goma sha tara ina ba ka takarda. Me kake yi da su?"

Na faɗa mata gaskiya. Na yi allo kaɗan ina yaro, amma boko ban taɓa shi ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce daga ranar Litinin zan riƙa tashi aiki da wuri kwana uku a mako, akwai ajin manya a wata firamare kusa da mu. Na ce Hajiya, furfura fa ta fito. Ta ce furfura a kai take, ba a cikin kai ba.

Malamarmu Kirista ce, mutuniyar wajen Zariya, mai sanyin murya da zafin alli. Ita ke koyar da mata da farko, in sun tashi mu maza mu shiga, littattafanmu kuwa duk a kwali ɗaya ake tara su. Darasin farko, kowa ya koyi rubuta sunansa. Nawa harafi biyar ne. Mako biyu na yi ina fama da na farkon, wanda yake lanƙwashe kamar lauje, kafin ya yarda ya zauna a kan layi. Ranar da na rubuta shi duka a bangon littafina ba tare da na kalli allo ba, na hau keke na wuce kwanar gidanmu ban sani ba.

A mako na huɗu aka raba littattafai, na buɗe nawa na ga abin mamaki. Rubutu tsaf kamar an jera ƙwai, ga jan biro na yabo a kowane shafi. Na ce ashe haka na ƙware ban sani ba. Ina cikin nuna wa na kusa da ni sai wata dattijuwa ta leƙo ta taga, mayafinta yana ƙamshin man suya, tana ɗaga wani littafi mai shatin ƙasa a gefe.

"Malama, wane ne ya shuka dankali a littafina?"

Malama ta karɓa ta duba bangon, ta duba nawa, ta fashe da dariya. Suna ɗaya ne a jiki. Dattijuwar mai sayar da awara ce a Kawaji, ita ma Gambo.

"Kai ne ɓarawon sunan?" in ji ta.

"Yaya, ai tare muka tsince shi."

"Tare da wa? Na girme ka da shekara goma ko fiye. Lokacin da nake amsa shi kai ko tunaninka ba a yi ba. Ba ni littafina, ka karɓi gonarka."

Daga ranar muka zama takwarori. Malama ta ƙara wa kowa alama a bangon littafi, ni fure, ita kasko. Wani matashi a ajinmu ya tambaya yaya aka yi mace da namiji suke suna ɗaya, sai Malama ta ajiye alli ta ce mu biyun mu ba da amsa. Takwarata ta riga ni. Ta ce duk wanda aka haifa bayan tagwaye shi ne Gambo, sunan ba ya tambaya mace ce ko namiji, abin da yake tambaya shi ne su wa suka riga ka. Ta ƙara da cewa tsofaffi suna faɗin tagwaye hatsabibai ne, in ka ɓata musu rai kunama za ta same ka, amma Gambo ya fi su, shi kaɗai suke shakka. Malama ta ce a garinsu ma haka ne. Ƙanen babanta Gambo ne, kuma a cocinsu akwai wata tsohuwa mai jan waƙa, ita ma haka ake kiran ta.

Nawa labarin kuwa ba na aji ba ne. Yayyena tagwaye, mace da namiji, ƙyanda ta ɗauke su mako ɗaya tsakani ina goye a bayan innata. Ban san fuskarsu ba. Innata ba ta taɓa yi mini maganarsu ba har ta rasu, irin matan da ke haɗiye abu ne. Amma ko ina na je na faɗi sunana, sai an ce, ashe tagwaye ka bi. Sai in ce e. Wannan e ɗin ita ce kaɗai abin da ya rage nasu a duniya. Ina da sunan yanka, yana kan katin zaɓe, amma in ka kira ni da shi a kasuwa ba zan waiga ba.

Wata rana ina yi wa shingen Alhaji aski yana zaune a baranda da jarida, na yi ƙarfin hali na tambaye shi asalin sunan. Alhaji mutum ne mai son a tambaye shi. Ya shiga ciki ya fito da littattafai biyu masu kauri, ya sa tabarau, ya yi ta buɗawa har shayinsa ya huce. Ya ce ba Larabci ba ne, irin sunayen nan ne da Bahaushe yake ba yaro don yadda ya zo. Namijin da ya bi mata Tanko, macen da ta bi maza Kande, na ƙarshe Auta. Ya ce Tanko da Kande kowa da ɓangarensa, amma Gambo da Auta riga ɗaya ce, mace ta sa, namiji ya sa. Na ce to ita kalmar daga ina ta fito? Ya rufe littafin ya ce, "Wannan kam wanda ya fara faɗa bai bar takarda ba." Sannan ya tambaye ni ko na san Gambo a cikin yaran layin nan. Na tsaya da almakashi a hannu ina lissafa yaran da motocin makaranta suke kwasa da safe. Babu ko ɗaya. A ƙauyenmu kuwa mu huɗu ne a unguwa guda, har sai an ce na gidan wane. Alhaji ya ce tagwaye ba su ragu ba, iyaye ne suka koma neman suna a waya.

Maganar nan ta zauna mini, don a gidana ma tana tafe. 'Yata ta fari tana aure a Kaura Goje. Mijinta yaro ne mai ladabi, yana gyaran kwamfuta a wani shago, kullum kansa a sunkuye a kan waya. Haihuwarta ta fari tagwaye ne, mace da namiji, a lokacin sun shiga shekara ta huɗu, kuma tana da ciki wata bakwai. Ni a raina an gama magana. Ko me ta haifa, takwara ne. Har na fara zolayar tagwayen ina ce musu su shirya, mai maganinsu yana hanya.

Sai wata rana uwar yarana ta dawo daga can, tana ninke mayafi ta ce, kamar maganar banza, "Malam, shi yaron nan ya ce wannan sunan ba zai yiwu a gidansa ba."

"Wane suna?"

"Ka sani mana."

Ta shiga kicin abinta. Shekara ashirin da bakwai muna tare, Malam take ce mini tun ban san ko harafi ɗaya na boko ba, kuma ba ta da dogon bayani a kan komai. Ni kuwa na zauna a kan tabarma, tuwo ya zo ya huce. Na gama fassara maganar da kaina. Sunan ƙauye ne, sunan mai lambu, ba zai yi kyau a bakin malamar nasare ba. Ya je waya ya samo wani mai santsi.

Da wani ne, da na same shi mun yi magana. Amma suruki ne. Tun da aka ɗaura aure ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. In ya zo gaisuwa daga bakin zaure yake durƙusawa, idonsa a ƙasa, ni ma nawa a gefe, mu tambayi lafiyar gida da aiki da zafi, shi ke nan. In na hango shi a hanya nakan tsaya duba tayar keke har ya wuce, shi ma na lura yakan shiga shagon da ba shi da abin saya. Ta ina zan fara ce masa, me ya sa ka raina sunana?

Takwarata ce ta ba ni dabara. Na yi mata ƙorafi a bakin aji, sai ta ce, "To kai da kake zuwa nan kullum kana cinye fensir, me kake tarawa? Bakin da ya ji kunya ai hannu bai ji ba."

Na ce wasiƙa? Ni?

"A'a, ni. Kawo in soya maka ita."

Haka na fara. Ban gaya wa Malama ba, ban gaya wa Hajiya ba, don ina so ko da kuskure ya zama nawa. Lokacin hutun azahar nakan zauna a kan kututturen maɗaciyar nan, wanda masu yanka suka bari daidai tsayin kujera, in ɗora littafi a gwiwa. Kalma ɗaya takan ci mini rabin sa'a. In na rubuta layi in karanta, sai in ji ya yi zafi, kamar ina yi wa yaron faɗa, in yage. In sake, sai in ji ya yi sanyi kamar ina roƙon bara, in yage. Wanda ya saba jiran iri ya tsiro ba ya gajiya da irin wannan, amma ita shuka ba ta jiran mai wasiƙa. A mako na uku Hajiya ta kira ni bayan gida inda nake renon dashe a cikin leda. Goma sha biyu sun bushe ƙarau, tiyo yana kwance kusa da su.

"Na tura ka makaranta don ka karanta sunan furanni, ba don ka yi musu jana'iza ba. Me ke damun ka?"

Na ce ina wani rubutu ne. Ta miƙo hannu. Na ce Hajiya, a yi mini haƙuri, na gida ne. Ta kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da na tabbata 'yan mata da yawa sun sha. Sannan ta shiga ciki ta fito da ambulan fari guda ɗaya da sabon fensir, ta ce in an gama a ba furanninta ruwa.

Mako biyar ta ɗauke ni. Har yanzu ina da kwafin ƙarshe kafin wanda na aika, ga abin da ke ciki:

"Zuwa ga mijin 'yata. Bayan gaisuwa mai yawa. Ni na rubuta da hannuna. Ina da yayye biyu tagwaye. Sun rasu ina goye. Babu hotonsu, ban san kabarinsu ba. Sunana ne kaɗai yake cewa sun zo duniya. Ba na neman sunan yanka, wannan naka ne. Ina roƙo a bar wanda ya bi tagwaye ya amsa sunan masu bin tagwaye, ko mace ko namiji. In na yi laifi a yafe mini."

Na liƙe ambulan na ba uwar yarana, ta ba 'yarta, 'yarta ta ba mijinta. Gidan da keke yake kai ni cikin minti kaɗan, sai da takardata ta bi hannu uku.

Shiru. Mako ɗaya, mako biyu. Ya zo gaisuwa ranar Juma'a, ya durƙusa a inda ya saba, muka yi maganar ruwan sama, ya tafi. Na ce a raina ko dai rubutun ne bai karantu ba. Na tambayi uwar yarana ko an ce wani abu, ta ce an ce an gani.

Ranar wata Laraba da hantsi ina zuba taki a gindin lemo, Hajiya ta fito da waya a hannu tana murmushi. An kira ta ne don tawa tana cikin aljihun rigar da na rataye. 'Yata ta sauka lafiya a asibiti, mace. Na wanke hannu na yi sujada a kan ciyawar da na yanke jiya. Alhaji ya leƙo daga baranda ya ce, "Barka, an yi maka takwara." Na ce Allah ya sa, Alhaji. Bai san abin da ya sa na ce haka ba.

Kwana uku da haihuwa, uwar yarana ta aiko mini da ambulan ta hannun maƙwabciyarmu, ita tana can wajen mai jego. Na tafi da shi aiki, na zauna a kan kututture. Daga surukina take, ya yi rubutun da manyan haruffa, rarrabe, yadda Malama take yi mana a allo. Na gode masa a raina. Amma a wuri huɗu babu kalma, sai dogon layi a kwance.

Na san wannan. Kullum Malama tana ba mu irinsa, cike gurbi. Na ce ikon Allah, yaron nan jarraba ni yake yi, yana so ya ga ko da gaske ni na rubuta waccan. Raina ya ɗan sosu, amma kuma wani ɓangare na zuciyata ya miƙe tsaye. Na fere fensir. Wanda ya fara karatu da girma ya san wani abu: in kana kokawa da haruffa, ma'ana takan tsaya a bakin ƙofa ta jira. Na bi kalma kalma, na ga sunana ne ya dace da kowane gurbi, na cike su huɗun da rubutu mafi kyau da na taɓa yi. Ban tsaya na ji abin da takardar take cewa ba. Na dai ci jarrabawa.

Da yamma uwar yarana ta dawo ɗaukar kaya. Na ce ta zauna ta ji yadda mijinta yake karatu. Na gyara murya.

"Baba, na karanta takardarka sau uku. Wallahi ban raina Gambo ba."

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ni dai bakina ba zai iya faɗin Gambo ba, haka ita ma 'yarka. Yaro kuwa sai an kira shi, sai an tsawata masa. Yaya zan tsaya a tsakar gida in ce Gambo bari, ko in ce zan zane Gambo?"

Kafin in kai ƙarshe ta kife a kan tabarma tana dariya har da hawaye. Ta karɓi takardar, ita da ba ta karatu, ta ga baƙin fensirina a kan layukan biro.

"Malam, kai ka cusa waɗannan?"

"Gurbi ya bari, na cike."

"Wayyo cikina. Gurbin nan ba jarrabawa ba ce, kunya ce! Yaron ko a takarda ya kasa rubuta sunan surukinsa, kai ka bi ka rubuta masa, har kana cewa a zane ka."

Na karɓa na sake karantawa, wannan karon a hankali, ina tsallake abin da na cusa. Sai maganar ta shigo. Layin ƙarshe cewa yake, "In Baba ya yarda, kowa ya kira ta da shi, mu dai a yi mana uzuri."

Na ce, "To ke da kika san dalili tun farko, me ya hana ki faɗa mini? Mako biyar ina yage takarda."

"Na ɗauka ka sani. Kuma ta yaya zan yi maka bayanin sunan da ban taɓa faɗa ba? Shekara ashirin da bakwai, ka taɓa jin sa a bakina? Ko a asibiti aka tambaye ni sunan miji sai na nemo wata ta faɗa." Ta share ido da bakin mayafi. "Kai ma ɗin, ita yarinyar da ta haihu, 'yarka ta fari, faɗi sunanta in ji."

Gaskiyarta, ban taɓa faɗa ba. Tun tana jaririya "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Al'adar da nake bi kullum kamar numfashi, ita ce na kasa ganewa da ta zo mini daga ɗaya gefen.

Ranar suna muka taru da safe a ƙofar gidansu a Kaura Goje, aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro da dabino. Alhaji ya zo da kansa. Na matsa kusa da liman na tambaye shi a hankali ko akwai laifi a sunan nan namu. Ya ce zancen kunama dai camfi ne, a bar shi, amma laƙabin da ba zagi ba ne ba shi da aibu. Aka raɗa sunan yanka, aka faɗa wa jama'a. Sunan mahaifiyar surukina ne, wadda ta rasu yana sakandare. Ba daga waya ya samo shi ba. Na sunkuyar da kai, kunya ta kama ni a kan abin da na yi ta zarginsa da shi. Sai kuma dariya ta taso mini, don na gane yarinya ta samu suna biyu, kuma ubanta ba zai iya faɗin ko ɗaya ba.

Bayan addu'a ya zo ya durƙusa nesa kaɗan kamar kullum. Na ce, idona a kan ragon da ake fiɗa, "Takarda ta iso. An yi uzuri."

Ya ce, idonsa a ƙasa, "Na gode, Baba. Rubutun ya fita sosai."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa wa juna a kan maganar ke nan, har yau.

Da rana mata suka cika gida. Takwarata ta zo daga Kawaji da roba cike da awara, ko sallama ba ta gama ba ta ce a miƙo mata ƙaramar. An ce ta ɗaga ta sama ta ce, "Gambo, kin ganni nan, ni ce babba. Akwai wani na lambu, kada ki biye masa, rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan laka." Tagwaye suna tsaye suna ji. Kafin la'asar sun kai sunan har bakin titi.

Iyayenta Ummi suke ce mata, saboda mai sunan yanka. Uwar yarana kuwa ta ce ita ba za ta bi su ba, tunda ba tata uwar ba ce. Ta kwana biyu tana "ke jaririya", sannan wata safiya aka ji ta tana yi mata wanka tana cewa, "Yi shiru, Mai sunan Malam, yi shiru." Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ina aka taɓa jin mace mai sunan Malam. Ta ce su je su tambayi wanda ya fara raba sunan bai ware na mata ba. Ni takwara nake ce mata. Sauran duniya, daga tagwaye har mai kanti, Gambo.

Yanzu tana tafiya, kuma zancen tsofaffi ko camfi ne ko ba camfi ba, na ga yayyenta biyu suna ba ta hanya in ta nufo kwanon abinci. Kwanan baya aka kawo su gidana, ina zaune ina aikin gida da Malama ta ba mu, sai na ji namijin ya ƙwala kira daga bayan ɗaki, "Gambo! Gambo!"

Na ce, "Na'am."

Ya leƙo, hulata a kansa ta rufe masa ido ɗaya. "Ba kai ba, tsoho. Ta gaske. Tana cin ƙasar tukunyar furenka."

Na tashi na je na ciro ta, bakinta baƙi ƙirin, tana dariya da haƙora huɗu. Hular kuwa ban sake ganin ta ba.

Malama ta ce in na rubuta labarin shekarar nan in faɗi har abin da aka rasa. Maɗaciya ɗaya. Dashen Hajiya goma sha biyu. Fensir huɗu, littafin rubutu ɗaya da rabi. Hula ɗaya. Sai sunana, wanda in an kira shi a gida yanzu nakan jira tukuna in ji ko da ni ake.